Shekarar da Na Cire Sunan Bashiru

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙonSa Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalansa.

'Ya'yana, akwai wata magana da ta zauna a gidan nan tun kafin a haifi ƙanananku, har ta zama kamar ɗaya daga cikin kayan ɗaki, ba mai tambayar inda ta fito. Maganar ita ce wani abokin aikina Kirista, Malam Yohanna, shi ya sa aka cire sunan yayanku Bashiru daga jerin waɗanda aka ɗauka makarantar horon malamai. Kun ji ta daga bakin mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, ita kuwa ba ƙirƙira ta yi ba, daga bakina ta ɗauko tushenta. To maganar ba haka take ba. Ni na cire sunan, da hannuna, ina cikin hankalina, kuma da za a mayar da ni ranar da na sake cirewa. Abin da nake nadama a kansa daban ne, zan zo gare shi.

A shekarun nan arzikin mai ya buɗe, soja ke riƙe da ƙasa, kuma umarni ya sauko daga sama cewa kowane yaro sai ya shiga makaranta. Azuzuwa suka riƙa tashi a ƙauyuka fiye da yadda ake samun masu koyarwa a cikinsu. Ni a lokacin ina karantar da fiƙihu da nahawu a zaurenmu na Ƙofar Marke, na kuma taɓa boko da girmana, gwargwadon abin da zai sa in karanta takarda in rubuta amsa. Saboda haka aka ɗauke ni aiki a ofishin ilimi, ina duba sashen Arabiyya da addini. Da aka tashi ɗaukar samari a koya musu aikin malanta cikin gaggawa, masu nema suka fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, sai aka ce a yi musu jarrabawa. Aka kafa kwamiti, aka sa ni ciki domin an ce Hausata tana da tsabta.

Jarrabawar kashi biyu ce. Na farko lissafi da kaifin basira, mu muka tsara tambayoyinsa, kowa ya kawo nasa. Na biyu an kira shi gwajin hali, an ɗauko shi ne daga wata ƙasa, ana son a auna ƙarfin zuciyar yaro, ko zai iya tsayuwa gaban aji ba tare da tsoro ba. Jimloli ne a jere, yaro ya karanta ya zaɓi e ko a'a. Ni na mayar da su Hausa, kuma na yi aikin da amana, ban karkatar da ko ɗaya ba. Ban dai tsaya na tambayi kaina ko abin da jimlar take aunawa can shi take aunawa nan ba. Ban ma san ana irin wannan tambaya ba.

Wanda ya sani shi ne Malam Yohanna. Mutumin duwatsun Filato ne, ya zo Sakkwato koyar da lissafi, ya zauna a unguwar Gawon Nama da matarsa Saratu da yaransu, daga baya aka mayar da shi ofishinmu. Gajere ne, mai yawan dariya, aljihun rigarsa kullum cike da alƙaluma. Yana kirana Alƙali saboda yawan cewa da nake yi a kawo hujja, ni kuma ina kiransa Sarkin Ƙidaya. Tsakanin gidajenmu akwai mutunci. Ranar Sallah mahaifiyarku takan aika musu da tuwo da nama, ranar Kirsimeti Saratu takan aiko da shinkafa a wata langa mai zanen furanni ja, takan sa a gaya mana cewa Musulmi ne ya yanka kazar.

Aka yi jarrabawa, aka yi maki, aka jera masu nema daga sama zuwa ƙasa, aka ja layi inda gurabe suka ƙare. Takardun ba sa ɗauke da suna, lamba ce kawai da garin yaro da addininsa da irin makarantar da ya fito. Bashiru yana cikin waɗanda suka zauna, na kuma sanar da kwamiti tun farko, shi ya sa ban taɓa takardun birni ba wajen maki. Da aka buga jerin farko aka haɗa lamba da suna, wani akawu ya raɗa mini cewa ɗana ya haye, yana kusa da layi amma a samansa yake. Na yi hamdala, na kuma yi kuskuren faɗa wa mahaifiyarku tun jerin bai fita ba.

Wata safiyar Asabar, ana tsakiyar zafin bazara, Malam Yohanna ya leƙo ofishina.

"Alƙali, zo ka ga wani abu. Ina da ƙara."

"Wa kake ƙara?"

"Tambayoyinmu. Ina zargin wasu da shaidar zur."

Na bi shi zuwa babban ɗakin taro. Ya ture tebura gefe, ya shimfiɗa takardun a ƙasa tuli-tuli, ya danne kowane tuli da dutse saboda fanka. Abin da ya dame shi shi ne yaran ƙauye, 'ya'yan manoman gero da shinkafa na bakin fadama, da waɗanda suka fito daga makarantun allo da na ilimi. A lissafi sun yi kafaɗa da kafaɗa da yaran birni, amma a gwajin hali sun zube, kamar a ce duk matsorata ne. Ya ce shi ya koyar da irin yaran nan, ya san ba matsorata ba ne.

Na ce masa wannan zato ne, kuma ba a hukunci da zato. Mai yiwuwa yaran birni sun fi su ƙarfin zuciyar da gaske, tunda sun saba da mutane.

"Mai yiwuwa," in ji shi. "Shi ya sa ban gwada ƙauye da birni a dunƙule ba. Dubi yadda na yi."

Ga yadda ya yi, ku kula, domin a nan hukuncin ya rataya. Ya ɗauki jimla guda ya ajiye ta gefe. Ya tara makin kowane yaro a sauran jimlolin, ya haɗa waɗanda makinsu ya zo daidai a tuli guda. Kowane tuli ke nan yara ne da sauran gwajin ya shaida ƙarfin zuciyarsu ɗaya ne. Sai ya raba tulin biyu, ƙauye dama, birni hagu, ya duba yadda kowane ɓangare ya amsa jimlar da aka ajiye. In jimlar mai adalci ce, ɓangarorin biyu za su amsa ta kusan iri ɗaya, tunda tsara ne. In kuwa a kowane tuli, daga na sama har na ƙasa, ɓangare guda ne ke faɗuwa a kanta, to ba ƙarfin zuciya take aunawa ba, wani abu take aunawa daban.

Ina jin haka na zauna a ƙasa, domin na gane abin. Ai wannan shi ne aikin malaman hadisi. In suna son sanin amincin mai ruwaya, sukan jera ruwayarsa da ta tsararrakinsa da suka ɗauka daga malami guda. In kullum shi ke saɓa musu, sai su ce illar a wurinsa take. Haka kuma alƙali ba ya karɓar shaida sai an tsarkake mai bayar da ita. Mu kuwa mun tara shaidu a kan 'ya'yan mutane, mun yanke hukunci da bakinsu, ba mu binciki ko ɗaya ba.

Muka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, shi yana ƙirga, ni ina rabawa. Mafi yawansu suka fita lafiya. Wadda ke tambayar ko yaro zai iya tafiya baƙon gari shi kaɗai, da wadda ke tambayar ko zai iya raba faɗa, duk ƙauye da birni suka amsa daidai wa daida. Uku ne suka ƙi. Ta farko tana cewa: na fi yawancin tsarana ƙoƙari. Ta biyu: na tabbata zan ci nasara a duk abin da na sa gaba. Ta uku: in babba ya yi kuskure zan gyara masa nan take a gaban mutane. Wanda ya ce e shi ke samun maki.

"Ƙidaya ta nuna mini su," in ji Yohanna, "amma ba ta gaya mini dalili ba. Nan kuma aikinka ne."

Dalilin kuwa a fili yake gare ni, har na ji kunyar ban gan shi ba tun ina fassara. Yaron da ya tashi gaban malami an koya masa cewa yabon kai aibi ne. An koya masa cewa ba a yanke wa gobe hukunci, sai a jingina ta ga nufin Allah. An koya masa cewa in babba ya yi tuntuɓe a karatu, sai a jira a keɓe da shi. Yaron da zai iya ratsa gulbi da damina ya ceto akuya, shi ne zai karanta jimlar nan ya ce a'a, ba don tsoro ba, don tarbiyya. Mu kuma muka rubuta masa sifili. Yaran da suka daɗe a boko sun riga sun gane irin amsar da takarda ke so.

Na miƙe da ƙarfina, na ce wannan zalunci ne, kuma addini ya tsananta a kan mai tauye mudu. Na yi magana mai tsawo. Yohanna ya bari sai da na gama, yana murmushi, sannan ya ɗaga wani dutse daga wani tulin.

"Alƙali, da sauran mai laifi guda. Wannan a sashen lissafi yake. Ka yi haƙuri, ɗan gidanku ne."

Tambayata ce. Ni na rubuta ta, ina ma alfahari da ita. Cewa na yi: mutum ya rasu ya bar damin gero arba'in, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya, dami nawa ne rabon matar? Ban faɗi cewa rabonta tumuni ba ne, wato ɗaya cikin takwas, domin a ganina wannan abu ne da kowa ya sani kamar yadda ya san hannunsa na dama. Yohanna ya raba tulin a wannan karon tsakanin 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan Kiristocin da iyayensu ke aiki a garin nan, malamai da ma'aikata da kafintoci. A kowane tuli yaran Kirista sun faɗi, har da waɗanda ba su kuskure ko ɗaya ba a sauran lissafin. Wani ma ya rubuta a gefe cewa tambayar ba ta cika ba. Gaskiyarsa.

Na ce, "Ai lissafi ne, rabawa ce kawai."

"Rabawa ce ga wanda ya san da me zai raba. Ni kaina sai da na tambayi masinja."

Mudun da nake zargin baƙi da tauyewa, ga shi na tauye nawa, kuma a kan 'ya'yan maƙwabta. Na karɓi jan alƙalami daga aljihunsa na soke tambayar da kaina.

Muka cire huɗun, muka sake tara maki, muka sake jeri da lambobi. Waɗansu suka hau, waɗansu suka sauka. Ranar Litinin aka kawo littafin da ke haɗa lamba da suna. Yohanna ke karantawa, sai na ji ya tsaya. Bashiru ya tashi a zaurena, ya san tumuni tun yana ƙarami. Ya kuma yi boko tun daga aji ɗaya, ya san amsar da takarda ke so. Duk huɗun ya ci su. Da aka cire su, sai ya sauko ƙasan layi, ba da nisa ba, amma ƙasa.

Yohanna ya rufe littafin, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Malam," ya ce, kuma ranar bai kira ni Alƙali ba, "wallahi ban san lambarsa ba ce. Ka saurare ni. Jerin farko an riga an buga. Ba wanda ya san aikin nan sai ni da kai. Mu bar na bana ya tafi yadda yake, mu gyara na baɗi. Ba wanda zai ce mun yi laifi."

Ku riƙe wannan da kyau. Mutumin da kuka tashi kuna jin cewa shi ya kayar da yayanku, shi ne ya roƙe ni in bar shi ya wuce.

Na tambaye shi waɗanda suka hau a sabon jeri, su wa zai mayar musu da gurbinsu na bana in mun jira baɗi. Ya ce bai sani ba. Na ce ni ma ban sani ba. Kafin ranar Asabar jahilci ya yi mana uzuri, yau kuwa mun sani, kuma wanda ya sani ba ya komawa cikin hukuncin wanda bai sani ba. Da ɗan wani ne ya faɗo, da ko tsayawa ba mu yi ba. In na tsaya yanzu, to dalilin tsayuwata Bashiru ne kawai, wannan kuwa ba hujja ba ce da zan iya faɗa a gaban kowa, balle gaban Ubangiji.

Muka kai wa shugaban ofishinmu sabon jerin. Mutum ne mai gudun fitina, ga kuma soja a sama suna son jeri kafin ƙarshen mako. Ya saurara, ya duba takardun, ya dube ni.

"Malam, ka san ɗanka na ciki?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To ni ba zan sa hannu a canjin nan ni kaɗai ba. In kana so, kai za ka fara sa naka."

Na sa. Ban yi jinkiri ba, kuma ba na faɗin haka don yabon kai. Abin ya fito mini sarai ne, irin yadda mas'ala kan fito bayan an daɗe ana juya ta.

Wuyar tana gida. Na tarar da mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida bayan la'asar. Kun san ba ta taɓa kiran sunan Bashiru ba, kasancewarsa ɗan fari, sai dai ta ce yaron nan. Ta riga ta saya masa akwatin ƙarfe, ta ɗinka masa zannuwan gado. Na gaya mata sunansa ba ya cikin jerin da zai fita.

"Mi kac ce, Malam? Ba kai kac ce mani ya ci ba?"

"Na faɗa. An sake duba makin."

"Wa ya sake dubawa? Ana cin jarrabawa a koma a kwance ta? Yaron ga tun shekaranjiya shina bankwana da mutane. Wa ya yi muna wanga aiki?"

A nan ne na yi abin da nake nadama. Na ga idonta ya cika, na ga Bashiru tsaye a ƙofar ɗakinsa yana ji, sai ƙarfin da na samu a gaban shugaba ya gudu ya bar ni a gaban matata. Na ce:

"Ƙidayar Yohanna ce ta nuna haka."

Ba ƙarya na yi ba, kowace kalma gaskiya ce. Amma na karanta isasshen fiƙihu da zan san cewa gaskiyar da aka yanke don ta ɓatar da mai ji, hukuncinta ba ya nisa da na ƙarya. Ta ajiye rariya ta ce, "To, mun gode mashi." Daga ranar ba ta sake ambaton sunansa ba.

Bashiru ya ƙi sake zama jarrabawar, ko da na lallashe shi. Ya tafi unguwar Gidan Dare ya koyi aikin lantarki, Allah kuma Ya rufa masa asiri a ciki kamar yadda kuke gani. Amma ba zan yi muku daɗin baki in ce hakan ya fi masa alheri ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne yana son koyarwa, kuma da ya yi ta da ya iya. Na sha ganinsa yana yi wa yaran shagonsa bayani da haƙurin da ni ban da shi, sai in kau da kai. Wannan shi ne abin da hukuncina ya ci, kuma ba daga jikina aka yanka ba, daga nasa ne.

Da Kirsimeti ta zo a shekarar, Saratu ta aiko da shinkafa a langar nan kamar kullum. Mahaifiyarku ta karɓa, ta juye wa kaji, ta wanke langar ta kife a kan kabad. Ba ta mayar ba, ba ta kuma aika tuwo da Sallah ba. A al'adarmu kwanon da bai koma ba magana ce cikakkiya, Saratu kuwa ta ji ta. Yohanna bai taɓa tambayata ba. Muka ci gaba da aiki tare shekaru, kowace jarrabawa sai mun baje ta a ƙasa mun binciki shaidunta kafin a ja layi, yana kirana Alƙali, ina amsawa. Na tabbata ya gane abin da na faɗa a gida, ya ɗauke mini laifin a kansa. Sau da yawa na yi niyyar gyarawa, sai in ce bari zuciyar mahaifiyarku ta huce. Ta rasu ban faɗa ba. Shi ma ya rasu ban nemi gafararsa ba. Na je gaisuwa na zauna cikin mutane kamar kowane abokin aiki.

Bashiru, da kai nake yanzu. Ban nemi ka ce na yi daidai ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma zuciyata a kwance take a kansa. Abin da nake nema ka ɗauke fushinka daga kan mutumin da ya roƙa maka, in akwai sauransa ka kawo shi inda ya dace, ina nan da raina, zan iya ɗauka.

Saratu tana nan Gawon Nama a gidan ɗanta, ta tsufa amma an ce hankalinta garau. Langar kuma tana nan. Na sa an sauko da ita daga kan kabad ɗin mahaifiyarku, furannin sun koɗe, gefe guda ya ɗan yi tsatsa, amma ba ta huje ba. Ka sa iyalinka su cika ta da tuwo da miya mai kyau. Ƙafafuna ba sa kai ni ko'ina yanzu, sai ka zo da mota ka ɗauke ni. Kai za ka riƙe langar, ni zan yi maganar.

Allah Ya sa mu cika da mudun da ba a tauye ba.